Jiragen Yaƙin Hitila da Zangon Kano

Akwai wasannin kwamfuta da na waya, irin su SimplePlanes, da ke bai wa mutum gangar jiki da fukafukai da injuna, ya harhaɗa jirgin sama da kansa, sannan ya gwada tashi da shi. Cikin abubuwan da ma'abota wasan ke sha'awar kwaikwaya akwai matsakaitan jiragen jefa bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila. Matashin da ke Boɗinga ko Shagari yana ƙera B-25 Mitchell a allon wayarsa zai iya ɗauka cewa labarin wata duniya yake taɓawa. Alhali kuwa ire-iren waɗannan jirage sun sha mai a Kano da Maiduguri, kuma ƙirarsu ce ta tilasta musu yada zango a ƙasarmu.

Kalmar "matsakaici" ita ce mabuɗin al'amarin. Manyan jirage irin su Lancaster da B-17 injuna huɗu gare su. Matsakaici kuwa biyu yake da su, kuma duk abin da aka ƙara masa sai an rage wani. B-25, wanda ya fara tashi ranar 19 ga Agusta, 1940, faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 20, yana ɗaukar bama-bamai kimanin kilo 1,360, kuma a bisa al'ada tafiyarsa ba ta wuce kilomita 2,200 ba tare da ya sauka ba. In aka ƙara mai, sai a rage bam; in aka ƙara sulke da bindigogi, sai gudu ya ragu. Hausawa sun ce ba a gudu ana susar takashi, kuma injiniyoyin kamfanin North American sun san haka sarai.

Mai kwaikwayon jirgin zai lura fukafukansa suna da wani lanƙwaso: daga gangar jiki zuwa inji sun ɗaga sama, daga inji zuwa ƙarshe sun miƙe a kwance. Jirage tara na farko an yi musu fiffike mai ɗagowa tun daga tushe har baki, sai aka tarar suna rangaji a sama, abin da ke ɓata saitin mai jefa bam. Aka kwantar da ɓangaren waje, rangajin ya lafa, aka ci gaba da ƙera kusan 9,800 a kan wannan siffa.

To, me ya kawo su Kano? A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙi, Faransa kuma ta faɗi, sai Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Kai jiragen yaƙi Masar ta zagayen kudancin Afirka yana cin makonni masu yawa. Sai Ingilishi suka tuna wata tsohuwar hanya: tun a Nuwamban 1925 jirage uku na sojan samansu suka taso daga Masar suka sauka Kano, kuma a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano.

Daga Satumban 1940 aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa tashar ruwa ta Takoradi, a Gana ta yau. A can ake ɗaura su, su tashi ayari-ayari zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Cadi da Darfur zuwa Hartum, sannan su bi Kogin Nilu har Masar: kusan kilomita 6,000 cikin kwana shida, in an yi sa'a. Jirgin bama-bamai na Blenheim, mai injuna biyu da mutum uku, shi ne madugu, domin shi ke ɗauke da mai duba taswira. Ƙananan Hurricane masu mutum ɗaya suna biye da shi. Zuwa ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya.

Siyasa ma ta shata hanyar. Nijar tana hannun gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus har zuwa Nuwamban 1942, wato Lardin Sakkwato, da Boɗinga da Shagari a cikinsa, yana bakin iyakar da ba a amince da ita ba. Birnin Ƙonni bai kai kilomita 100 daga birnin Shehu ba. A gabas kuwa gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle ranar 26 ga Agusta, 1940. Da bai yi haka ba, da ƙofar da ke tsakanin Maiduguri da Sudan ta rufe.

Da Amurka ta shiga yaƙin, sai hanyar ta ƙara tsawo: daga Fulorida zuwa Natal a Birazil, zuwa tsibirin Ascension a tsakiyar Atilantika, zuwa Akra, sannan a haɗu da layin Kano. Tazarar Natal da tsibirin ta kai kimanin kilomita 2,300, saboda haka sai an ƙara wa B-25 tankunan mai kafin ya tsallaka. Ta wannan hanya rukuni na 12 na jiragen bama-baman Amurka ya isa Masar a tsakiyar 1942, ya kuma shiga gumurzun El Alamein a Oktoban shekarar.

Abin da allon waya ba ya nunawa shi ne wahalar ƙasa. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka jirgi mai nauyi yana bukatar dogon titi kafin ya ɗaga a tsakar ranar bazara. Hazon hunturu yana ɓoye gari da kogi, a lokacin da matuƙi ke dogara da idonsa da taswira. Ƙura tana cinye inji, har sai da aka riƙa sanya wa jirage matatar iska ta musamman. Sannan kowane zango yana bukatar mai, wanda ake haurowa da shi daga bakin teku a jirgin ƙasa zuwa Kano, da leburorin da suka share filaye suka gangara gangunan. Sunayen jiragen sun shiga littattafai, na waɗannan mutane kuwa ba su shiga ba.

Jama'ar Nijeriya sun kuma tara kuɗin sayen jiragen yaƙi, har aka laƙaba sunan ƙasar ga runduna ta 91 ta sojan saman Ingila. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya hau gado a 1938, shi ke kan karaga duk tsawon yaƙin, kuma sunansa ne a kan filin jirgin saman da ke hanyar Sakkwato zuwa Boɗinga a yau.

Saboda haka, wanda ya gama ƙera B-25 ɗinsa, ya daidaita cibiyar nauyi, ya kwantar da fukafukan waje, akwai sauran jarrabawa a gabansa. Ya cika tankuna, ya cire bama-bamai, ya auna nisan Akra zuwa Kano, da Kano zuwa Maiduguri, da Maiduguri zuwa Hartum, ya ga ko jirginsa zai kai. Lissafin da zai yi shi ne wanda matuƙa suka yi a 1942, kuma a cikinsa zai ga dalilin da ya sa Kano ta zama zango.