Daga Luksor Zuwa Aswan: Kaburburan Bakin Kogin Nilu

Duk wanda ya hau jirgin ruwa a Luksor ta ƙasar Masar ya nufi kudu zuwa Aswan, tafiyar kilomita ɗari biyu da 'yan kai, zai lura da cewa yawancin manyan kaburburan Fir'aunoni da fadawansu suna yamma da kogi. Mutanen wancan zamani sun ɗauki mafaɗar rana a matsayin mazaunin matattu.

A Kwarin Sarakuna, hayin Luksor, an gano kabari sama da 60, waɗanda aka sassaƙa cikin dutse a tsawon shekara kusan 500. Sarakunan sun daina gina dala ne, suka koma ɓoye gawarsu a ramuka, amma duk da haka ɓarayi sun kwashe kusan komai tun a zamanin da. Kabarin da ya fi tsira shi ne na Tutankamun, yaron da ya mutu bai cika shekara 20 ba. Howard Carter, Baturen Ingila, ya gano shi a Nuwamba 1922, da kaya fiye da 5,000 a ciki. Da ba don wannan dukiya ba, da wuya a riƙa tuna shi.

Ni dai, a ganina, labarin maginan ya fi na sarakunan daɗi. Suna zaune da iyalinsu a wani ƙauye da ake kira Dair al-Madina yanzu, ana biyan su da alkama da sha'ir. A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, abincin ya makara, sai suka ajiye guduma suka tafi suka zauna a wuraren bautar sarakuna, suna cewa yunwa suke ji. Masana na lissafa wannan a matsayin yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Malamin makaranta da ya taɓa jiran albashi ba sai an yi masa dogon bayani ba! Abin lura ga 'yan'uwa marubuta shi ne, wani magatakarda ne ya rubuta abin da ya faru, shi ya sa ya iso gare mu.

Idan jirgi ya wuce Edfu da Kom Ombo ya isa Aswan, akwai wasu kaburbura a jikin tudun Ƙubbatul Hawa. Ɗaya na Harkuf ne, madugun da ya yi tafiya huɗu zuwa kudu fiye da shekara 4,000 da suka wuce, har ya taɓa dawowa da jaki 300 ɗauke da turare da hauren giwa da fatun damisa. A tafiyarsa ta ƙarshe ya taho da wani wada mai rawa. Sarki Pepi na Biyu, wanda yaro ne a lokacin, ya aiko masa da wasiƙa cewa a tsare wadan kada ya faɗa ruwa, a kuma riƙa duba shi cikin dare. Harkuf ya sa aka sassaƙa wasiƙar a bangon ƙofar kabarinsa, ba wanda ya iya karanta ta tsawon ƙarnuka, sai bayan da Champollion, Bafaranshe, ya warware rubutun mutanen Masar na da a 1822.