Shamuwa a Bakin Katsinawa da Jamusawa: Inda Asalin Kalma Ya Rabu da Ma'anarta

Manomin Katsina bai buƙatar kalanda ya san bazara ta ƙare. Da zarar shamuwa ta fara tara kirare a kan kuka ko tsamiya, wajen watan Mayu, sai a kammala sharar gona a fito da irin gero. Masana dabbobi sun tabbatar da wannan lura: tsuntsuwar tana hayayyafa da damina daga Senegal har gaɓar Bahar Maliya, tana kalace fara da tsutsa, sannan ta ƙaura kudancin Afirka da rani. A 1823 masanin Jamus Lichtenstein ya raɗa mata Ciconia abdimii, da sunan wani gwamnan Turkawa a Sudan. Hujjar wannan maƙala ita ce, matsayin tsuntsu a zukatan jama'a daban yake da asalin sunansa, kuma tarihin sunan 'yar'uwar shamuwa ta Turai yana koya mana yadda ake raba su.

A Jamusanci ana ce mata Storch, a tsohon Ingilishi storc, a tsohon harshen Sikandinebiya storkr. Da aka jera waɗannan siffofi, masana suka gano uwa guda, sturkaz, wadda galibinsu ke dangantawa da saiwar da ke nufin sandarewa, ita ce kuma ta haifi stark, wato mai ƙarfi. Ke nan an dubi tsayuwar tsuntsun ƙiƙam a kan dogayen ƙafafu aka sa masa suna. Babu wani fatan alheri a ciki.

Sai dai akwai suna na biyu: Adebar a arewacin Jamus, ooievaar a Holan. An daɗe ana fassara shi da mai kawo arziki, fassarar da ta dace da tsuntsun da ke dawowa ƙarshen hunturu ya yi sheƙa a kan rufin gida, har ake gaya wa yara shi ke kawo jarirai. Amma masana da dama na ganin asalinsa mai yawo a fadama ne, daga baya bakin jama'a ya lanƙwasa shi ya dace da abin da suka yi imani da shi. Fassarar jama'a shaida ce mai daraja a kan al'ada, amma ba ta isa hujja a kan tushe ba.

Irin wannan tarko yana jiran mai nazarin Hausa. Kunne na jin kusanci tsakanin shamuwa da samuwa, zuciya kuma na son a ce sunan albishir ne na amfanin gona. Ƙa'idar sauti ba ta goyi bayan haka ba. A Hausa s kan koma sh ne gaban wasalin i ko e, kamar fasa da fashe, ko gasa da gashi. Gaban wasalin a ba ta da dalilin sauyawa. Haka nan ƙarshen kalmar ya yi kama da ɗafa-ƙeyar tamata da ke cikin tsuntsuwa, daga tsuntsu. In haka ne, gaɓar farko ce ya kamata a bi sawunta.

Hanyar bin sawun sananniya ce. A fara da ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham, a duba ƙamusun kwatance na Skinner na 1996, a nemi sunan tsuntsuwar a harsunan dangin Cadi irin su Bolanci, Badanci da Ngizim, sannan a harsunan maƙwabta, Barbarci, Fulatanci da Buzanci, domin a bambance gado da aro.

Aikin na da gaggawa. Gine-gine suna cinye gonaki da manyan itatuwa a wajen Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga, yaran birni kuma ba kowa ne ke bambance shamuwa da zalɓe ko balbela ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana kusa da dattawan karkarar da suka riƙe waɗannan sunaye da karin sautinsu. Ya dace ɗalibanta su naɗi muryoyinsu, su rubuta abin da dattawan suka yi imani da shi a babi guda, abin da kwatancen harsuna ya tabbatar a wani babin.