Daga Rumbu zuwa Baitulmali: Tarihin Kula da Gajiyayyu a Ƙasar Karaye da Rogo

Ƙasar Karaye da Rogo, wadda ke kudu maso yammacin Jihar Kano kusa da iyakokin Katsina da Kaduna, ƙasa ce ta manoma, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutane kimanin dubu 141 a Ƙaramar Hukumar Karaye da kimanin dubu 227 a ta Rogo. A cikin wannan jama'a, kamar a ko'ina, akwai gajiyayyu, wato manyan mutane waɗanda tsufa ko makanta ko kuturta ko shanyewar jiki ko taɓin hankali ya hana su ciyar da kansu. Kula da irin waɗannan mutane yana buƙatar abu biyu, abin da za a ciyar da su da kuma hannun da zai yi musu hidima, kuma tarihin wannan yanki ya nuna cewa a da abubuwan biyu suna wuri ɗaya ne, a cikin gida, kafin sauye-sauyen ƙarni na ashirin su raba su.

Tushen tsohon tsarin shi ne gandu, wato yarjejeniyar da ke haɗa magidanci da 'ya'yansa maza masu aure, wani lokaci har da ƙannensa da bayinsa, su noma gona ɗaya su zuba amfanin a rumbu ɗaya, shi kuwa ya ɗauki nauyin ci da haraji da auren fari, ya kuma ba kowa gayauna, ƙaramar gonar da mutum ke nomawa don kansa. Muddin ƙasar tana hannun uba, tsufansa ba ya zama talauci, domin ƙarfin da ya rasa yana nan a jikin 'ya'yansa, kuma gadon da suke jira yana riƙe su a gida. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina da Dorayi ta kusa da birnin Kano, ta nuna a littattafanta na 1972 da 1977 cewa gandu ya fi ɗorewa a gidajen masu wadatar gona, yayin da 'ya'yan matalauta kan watse da wuri zuwa ƙwadago. Ma'anar wannan ita ce tsarin ya fi kare wanda dama yake da abin hannunsa. Hidimar yau da kullum kuwa, dama kunu da wanki da sauya shimfiɗa da ɗaga mara lafiya zuwa makewayi, ta kasance a wuyan mata, musamman matan 'ya'ya da jikoki mata, kuma ba a taɓa lissafa ta a matsayin aikin da ake biya ba.

Fiƙihun Malikiyya, wanda malaman yankin suka karanta a Risalar Ibn Abi Zaid, ya wajabta wa mai hali ciyar da matarsa da ƙananan 'ya'yansa da iyayensa idan matalauta ne, amma bai wajabta masa ciyar da ɗan'uwa ko gwaggo ko kawu ba. Wannan giɓi al'ada ce ta cike shi ta hanyar riƙo, inda akan ba kaka ko gwaggon da ba ta haihu ba yaro ko yarinya ta raina, ta yadda idan ƙarfinta ya ƙare za ta sami mai ɗebo mata ruwa da mai yi mata aike. Wanda ya rasa ɗa ya kuma rasa ɗan riƙo sai ya koma ga zakka da sadaka. Zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma ga gonar da ruwan sama ya shayar idan amfanin ya kai nisabi, da zakkar fidda kai ta ƙarshen azumi, su ne kuɗin shigar wannan tsari, kuma tunda hatsi ne ake fitarwa a bakin gona ko a ƙofar gida, mai bayarwa yakan san wanda zai ci.

Masu naƙasa da gida bai iya riƙe su ba sun kafa nasu tsari, mai sarautu irin su Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, waɗanda ke sasanta rikici tsakanin mutanensu, su karɓi baƙo su ba shi masauki, su kuma wakilce su a fada. Wani matafiyi Bature, Hugh Clapperton, wanda ya sauka Kano a 1824, ya ba da labarin wata unguwa ta makafi a cikin ganuwa, wadda mazaunanta ke samun wani kaso daga sarki ban da abin da suke samu a kasuwa. Shugabannin jihadi sun ɗauki wannan a matsayin haƙƙi a kan mai mulki, kuma Liya'ul Hukkami, littafin da Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa mutanen Kano, ya yi bayanin hanyoyin shigar dukiyar baitulmali da wuraren kashe ta. Sai dai bai kamata a ƙawata wancan zamani fiye da kima ba, domin zakkar da dagatai suka tara takan hau sama zuwa rumbunan sarakuna, Sarkin Karaye kuwa yana cikin manyan sarakunan ƙasar Kano da ke zaune a garuruwansu, kuma ba dukkanta ke saukowa ga miskinai ba.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903, sai aka narkar da zakkar hatsi da sauran kuɗaɗen ƙasa cikin haraji guda da ake biya da tsabar kuɗi, aka kafa Baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. Abin da ke da sunan haƙƙin miskini ya zama kuɗin gudanar da mulki, manomi mai tsoron Allah kuwa ya ci gaba da fitar da zakka ta biyu a kan kansa. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa da auduga sun ba saurayi hanyar samun kuɗin aure ba tare da jiran mahaifinsa ba, cin rani ya yawaita, bauta kuma ta yi ta raguwa har aka soke ta gaba ɗaya a 1936. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta nuna abin da ke faruwa da tsofaffi idan rumbun gida da na sarki suka ƙare a lokaci guda.

A kan kutare ne hukuma ta fara fuskantar matsalar kuɗi da ma'aikata kai tsaye, kuma yadda ta warware ta ya cancanci a tsaya a kansa. En'e tana da kuɗin haraji amma ba ta da likitoci da nas-nas masu yarda su zauna da kutare, mishan ɗin Kirista na SIM kuwa tana da ma'aikatan amma sarakuna ba su yarda ta yi wa'azi a cikin Musulmi ba. A 1937 aka cimma matsaya, aka miƙa wa mishan gudanar da sansanonin kutare na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, En'e tana ba da tallafin kuɗi, majinyata masu sauran ƙarfi suna noma abincinsu, wasunsu kuma aka koya musu wankin miki da raba magani har suka zama ma'aikata. Ita dai wannan mishan ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943. Ga mutumin Rogo, zuwa waɗannan wurare yana nufin tafiyar kwanaki da rabuwa da iyali na shekaru, abin da bai sauya ba sai da maganin dapsone ya yaɗu a shekarun 1950, aka fara raba shi a ƙananan ɗakunan shan magani na gundumomi.

Ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 sun ɗauke wannan nauyi daga fada zuwa ofis. Gwamnati ta karɓi wasu asibitocin mishan, ta kuma riƙe cibiyoyi irin su Gidan Gajiyayyu na Shahuci da asibitin masu taɓin hankali na Dawanau da makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki, amma duk a birni ko kewayensa suke. A ƙaramar hukuma, sashen walwalar jama'a ƙaramin reshe ne wanda aikinsa ya fi karkata ga sulhun aure da yaran da suka ɓata, kuma tsuke bakin aljihun da ya biyo bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya sa albashi ya cinye mafi yawan abin da ke shigowa. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a ƙasar Karaye a 1992, ta kawo kamun kifi da noman rani, ta kuma tashi ƙauyuka daga gonakinsu na gado, alhali gonar gado ita ce fanshon dattijon karkara.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba tun daga nan. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ambaci kula da tsofaffi da naƙasassu a babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta aiki da shi. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, hubusi kuwa shi ne dukiyar da aka tsare asalinta aka sadaukar da amfaninta, sai dai hukumar ta dogara ne ga abin da attajirai suka ga damar kawowa. Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa a 2018 da dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa a 2019, ta kuma amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. A daidai wannan lokaci nas-nas suna barin ƙasar, kuma da Ingila ta buɗe ƙofa ga masu hidimar tsofaffi daga waje a Fabrairun 2022, Nijeriya ta shiga sahun farko na ƙasashen da suka cike mata wannan gurbi.

Masarautar Karaye kanta an ɗaga ta a 2019, aka rushe ta a Mayun 2024, aka sake kafa ta a Yulin wannan shekara a matsayin mai daraja ta biyu, tana ƙunshe da Karaye da Rogo kawai. A watan ne kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Dagatai da masu unguwanni da limamai sun san kowace tsohuwa da ba ta da mai dafa mata, amma ba su riƙe da kuɗi. Ƙaramar hukuma tana da kaso daga asusun tarayya, amma ma'aikatan lafiyarta na matakin farko an fi horar da su kan rigakafi da awon ciki, ba kan jinyar wanda ya shekara a kwance ba. Tsadar abinci da sufuri bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ta rage abin da ɗan cin rani ke aikowa gida, kuma matar ɗan da ke jinyar surukarta a wani ƙauyen Rogo ba ta cikin lissafin ma'aikatan kowace hukuma.