Aksil kafin inji: darasin da fadamar Haɗeja ta koya wa masu haɗa mota

Hanyoyin ƙasar Haɗeja iri biyu ne, kowacce da irin wahalar da take ba ƙarfe. In ka nufi arewa, wajen Birniwa, rairayi ne mai haɗiye taya. In ka gangara fadama, wajen Auyo da Kirikasamma da Guri, taɓo ne da ke riƙe mota da damina, da rani kuma ya bushe ya daddare ya zama gargada. Mu da muka tashi a gareji, tsakanin bakanikai da masu walda, waɗannan hanyoyi ne suka karantar da mu, kuma karatun ɗaya ne: duk ƙarfin da inji yake da shi, iyakarsa abin da aksil zai iya isarwa ga taya.

Daga amalanke sana'ar ta faro. Da layin dogo ya taso daga Kano, ya ratsa Malam Madori, ya isa Nguru a 1930, gyaɗa ta samu hanyar fita, amma sai an kai ta tasha. Jakuna da raƙuma suka fara wannan aiki, manyan motoci irin su Bedford da Austin suka biyo baya. Idan mota ta mutu ba a barin ta ta ruɓe a banza. Maƙera, daga baya kuma masu walda, sukan cire aksil da wili, a ɗora katako, a ɗaura wa shanu. A amalanke nauyi kawai aksil yake ɗauka, ja kuwa na shanu ne, don haka abu uku magabatanmu ke dubawa: kada ya zama lanƙwasasshe, boris ya kasance lafiyayye, tayarsa kuma a same ta a kasuwa.

Ido ya ƙara buɗewa lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975. Akori-kura ƙirar 404, daga baya 504, ta zama motar kasuwannin ƙauye: buhunan shinkafa da tattasai a ƙasa, kwalayen busasshen kifi a sama, mutane a kan kaya. Aksil ɗinta guda ne miƙaƙƙe, zaune kan sifirin mai falle-falle, ba ya buƙatar wata dabara wajen gyara. A nan maigidan da ya koya mini aiki ya nuna mana cewa suna ɗaya ba ya nufin ƙarfe ɗaya. Ƙaramar motar shiga ƙirar 404, giyar aksil ɗinta mai tagulla ce, tana da irin man da take sha, in aka zuba mata wani sai ta cinye kanta. Ta akori-kura kuwa ƙarfe ce zalla, an yi ta don kaya. Yakan ce, "Yaro, kafin ka ɗauko aksil, tambayi aikin da ya yi a gidansu."

A daidai wannan zamani aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, ma'aikatan gona da na ruwa suka cika fadama da Land Rover. Ita ce ta koya mana bambanci mafi muhimmanci a wannan fanni. Shaf ɗin tsohuwar Land Rover siriri ne, ya yi suna wajen tsinkewa idan taya ta yi ta juyawa cikin taɓo ta kuma cafki busasshiyar ƙasa farat ɗaya. Amma ko ya tsinke taya ba ta fita, domin nauyin motar yana kan bututun aksil da boris biyu, aikin shaf juyawa kawai. Direba zai sa giyar taimako ya lallaɓo gida da ƙafafun gaba. Haka ƙirar aksil ɗin Marsandi 911 mai bodin katako take, haka ta Kanta. A yawancin ƙananan motoci masu ja da miƙaƙƙen aksil na baya kuwa shaf ɗaya ne ke ɗaukar nauyi yana kuma juyawa, ranar da ya karye taya na iya yin nata wuri, mota ta kife da mutane.

Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, sabon kayan gyara ya fi ƙarfin talaka. Muka koma ga 'yan Beljiyam da motocin Kwatano, Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka zama rumbunmu. A 1987 aka hana shigo da alkama, noman rani ya bunƙasa a fadama, injinan ban-ruwa suka yawaita, kaya suka ƙaru a kan tsofaffin motoci. Nan zamanin haɗe-haɗe ya kama: injin wannan mota a jikin waccan, giyar wata a tsakani. Mai mota yakan yi murna da sabon ƙarfi, bayan 'yan kwanaki a jawo ta da karyayyen shaf ko giya mai zubabbun haƙora. Inji ya sauya, abin da ke karɓar ƙarfinsa yana nan yadda yake.

Bayan an ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, sannu a hankali Golf ta mamaye tashoshinmu, ta zo da nata karatun. Da ƙafafun gaba take ja, shaf biyu ne masu gaɓoɓi lulluɓe da roba. Direbobi sukan ɗaga ta don kada cikinta ya taɓa ƙasa, sai shaf ya karkace fiye da yadda aka tsara shi, gaɓa ta riƙa zafi. Roba na yagewa, rairayi ya shiga giris, ka ji ƙas-ƙas a kwana. Robar da ba ta kai kuɗin kirki ba takan jawo asarar shaf sukutum.

Yanzu kuma matasa ne ke son ƙera tasu motar tun daga tushe, abin da ke faranta mini rai ƙwarai. Sun ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic a 2007. Sun ga Mustapha Gajibo yana haɗa motocin haya masu lantarki a Maiduguri. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 sha'awar lantarki ta ƙaru. Sai dai duk wanda ya zo wurina tambayarsa ɗaya: "Baba, wane inji ya fi ƙarfi?" Nakan ce, "Ɗana, zauna mu fara daga ƙasa."

Lissafin ba shi da wuya. A ce inji yana ba da ƙarfin murɗawa na Newton-mita 200. Giya ta ɗaya ta ninka shi sau 3.5, giyar aksil ta sake ninkawa sau 4, ya zama 2,800, kowane shaf ya karɓi 1,400. Idan an yi wa giyar aksil walda don tayoyin su juya tare, kamar yadda wasu ke yi saboda taɓo, taya ɗaya na kama ƙasa kusan duka ƙarfin zai hau shaf ɗaya. Babbar taya ma ƙarin wahala ce gare shi. Injin lantarki kuwa ya fi tsanani, domin tun daga tsaye yake sakin ƙarfinsa gaba ɗaya. Abin da ke taimako shi ne kauri: shaf mai milimita 30 ya fi mai 25 jure murɗawa da kusan kashi 70 cikin 100, in ƙarfensu iri ɗaya ne.

Saboda haka nakan ce a zaɓi aksil daga motar da ta fi wadda za a gina nauyi da ƙarfi, a ɗauko shi da birkinsa, sannan a auna faɗin mota a kansa. Kada a yanke shaf a haɗa da walda don ya yi daidai da bodi, domin an gasa fatarsa a masana'anta, wutar walda tana kashe wannan tauri, kuma a bakin ɗinkin yake karyewa. A tabbata farfela da aksil suna kallon juna a miƙe. A kuma zaɓi wanda boris da shaf ɗinsa ke samuwa a Haɗeja ko Kano, don ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗanda suka riga mu a wannan fage haka suka yi. Da Carroll Shelby ya ɗora babban injin Ford a ƙaramar motar AC ta Ingila a 1962, sai da aka sa mata giyar baya mafi ƙarfi. Masu haɗa mota a gida a Amurka har yau suna neman aksil ɗin Ford mai inci 9, wanda aka daina sa wa sababbin motoci tun 1986, saboda sun yarda da shi.

Damuwata ita ce, duk wannan sani a bakin dattawan gareji yake, ba a rubuce ba, kuma suna ta tafiya. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin garin Haɗeja, ɗalibanta sun iya lissafi, mu kuma mun san inda ƙarfe yake karyewa. Ina fatan malamansu su turo su gareji da abin awo da littafi, a auna kowane aksil da ke yawo a kasuwanninmu, a rubuta nauyin da zai ɗauka da ƙarfin da zai jure, cikin Hausa, a manna a bangon kowane mai walda. Motar da yaro zai ƙera, ƙannensa da maƙwabtansa ne za su fara hawa, kuma haƙƙinsu ne a san abin da ke riƙe da tayarta.