Makarin kujerar jirgin lilo da mai babban jiki: abin da ya kamata a sani

A ranakun Sallah, matasa daga Bachirawa, Rijiyar Zaki da Panisau a ƙaramar hukumar Ungogo sukan kwarara cikin birnin Kano, zuwa gidan zoo na Audu Bako da wuraren wasa masu lilon inji. Kaɗan ne daga cikinsu ke duba ƙarfen da ke riƙe su a kujera, alhali a kansa rayuwarsu ta rataya idan injin ya tashi.

Jirgin lilo mai gudu a kan dogo, wanda ake kira rola-kosta, da danginsa masu cilla mutum sama, suna amfani da makari iri biyu. Akwai sandar da ke sauka a kan cinya, akwai kuma wanda ke saukowa ta kafaɗu ya rufe ƙirji. Wasu ana ƙara musu bel. Kowanne an ƙera shi ne da ma'aunin jiki da kamfanin ya ƙayyade. Sandar cinya aikinta ta danne cinya kusa da ƙugu. Idan tumbi ya tare ta, sai ta tsaya a sama, a samu giɓin da mutum zai iya zamewa ta ciki.

An ga sakamakon haka a Amurka. A watan Yulin 2013 wata mata ta faɗo daga jirgin Texas Giant a filin wasa na Six Flags da ke Arlington, ta rasu. Kafin a sake buɗe shi sai da aka ƙara bel, aka kuma ajiye kujerar gwaji a bakin shiga. A ranar 24 ga Maris 2022 wani yaro ɗan shekara 14 ya faɗo daga hasumiyar Orlando FreeFall a jihar Florida. Nauyinsa ya haura kilo 170, alhali iyakar da kamfanin ya sa kilo 130 ne. Binciken hukumomin jihar ya gano cewa an taɓa na'urar da ke tantance rufuwar makarin, har ta nuna komai daidai ne duk da giɓin ya yi yawa. A 2023 aka rushe hasumiyar, jihar kuma ta yi sabuwar doka kan duba irin waɗannan injuna.

Saboda haka manyan wuraren wasa ke liƙa iyakar tsawo da nauyi a ƙofa, wasu kuma ke ware kujeru masu faɗi da dogon bel. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan makari bai kulle ba sai da ma'aikaci ya danna da ƙarfin tsiya, ko yana hana numfashi, ko ya bar sarari tsakaninsa da cinya, a sauka. Jin kunya a gaban abokai na ɗan lokaci ne.

A Najeriya, dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda ya biya kuɗi haƙƙin samun hidima marar haɗari. Don haka mai sayen tikiti yana da damar tambayar masu wuri iyakar nauyin kujera, ranar da aka duba injin a karo na ƙarshe, da wanda ya duba shi. Tambayoyin nan kuma sun cancanci a kai su gaban kansila da ɗan majalisar jiha kafin Sallah mai zuwa.