Yadda ake sanya fitilu a titin saukar jiragen sama

A watan Yulin shekarar 2022 ne hukumar kula da filayen jiragen sama ta Najeriya, FAAN, ta rufe titin 18L na filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Legas, domin sanya masa fitilu.

Titin ya shafe shekaru babu fitilu, lamarin da ya sa da zarar rana ta faɗi, sai jiragen cikin gida su koma sauka a titin jiragen ƙasashen waje. An sake buɗe shi a watan Nuwamban wannan shekarar.

Launi da tazara

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ce ke shimfiɗa ƙa'idojin wannan aiki.

Fitilun gefen titi farare ne, kuma a titin da ake sauka da taimakon na'urori, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce mita 60. Koraye ne ke nuna bakin titin, jajaye kuma ƙarshensa, yayin da shuɗɗa ke gefen hanyar da jirgi ke bi zuwa wurin tsayawa.

Akwai kuma wasu fitilu huɗu a jere da ake kira PAPI. Idan matuƙi ya hango biyu farare biyu jajaye, to saukowarsa na kan daidai. Idan duka huɗun suka yi ja, ya yi ƙasa da yawa.

Aikin da ke ƙarƙashin ƙasa

Mafi yawan aikin dai ido ba ya ganinsa. Ana haƙa ramuka, a binne bututu, a zura wayoyin da aka ƙera don jure volt 5,000.

Haɗin ya sha bamban da na wutar gida. Waya guda ce ke fita daga ɗakin wuta, ta ratsa fitilun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dawo. Wata na'ura ce ke riƙe wutar a kan amfiya 6.6 idan ana son cikakken haske, ta yadda fitilar ƙarshe za ta haska daidai da ta farko.

Kowace fitila tana da ƙaramin taransifoma nata, don kada mutuwar ƙwai guda ta kashe sauran. Haka nan akan raba fitilun tsakanin layuka biyu, wannan na bin wancan, saboda idan layi ɗaya ya lalace, matuƙi zai ci gaba da ganin siffar titin.

Wannan tsari yana da haɗari ga ma'aikata. Idan waya ta tsinke, na'urar kan ɗaga ƙarfin wutar, shi ya sa ba a taɓa layi sai an kashe shi an kulle.

A titunan da ake sauka cikin hazo mai tsanani, ƙa'ida ita ce wutar ko-ta-kwana ta karɓa cikin daƙiƙa ɗaya idan aka ɗauke wuta.

Aiki a filin da bai rufe ba

Sau da yawa da dare ake aikin, kuma dole a kwashe kaya kafin jirgin farko, tare da sanar da matuƙa wuraren da aka rufe.

A ranar 31 ga watan Oktoban 2000, wani jirgin kamfanin Singapore Airlines ya yi ƙoƙarin tashi daga titin da aka rufe don gyara a Taiwan, cikin ruwan sama da iska, ya ci karo da motocin aikin gini. Mutane 83 ne suka rasu.