Ma'aunin Zaɓen Sharhi ga Littattafan Hikima: Mas'alar Mai Karatu a Ƙasar Kabi

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, sakatariyar gwamnati ta zauna a Gwadangaji, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Zuru da Yawuri da sauran sassan kudancin jihar, kuma da yawa daga cikinsu Kirista ne waɗanda, ko da yake kowannensu yana da harshen da ya tsotsa a nono, da Hausa suke sujada, da ita suke karanta Littafi Mai Tsarki, tun daga fassarar 1932 wadda Dokta Miller na Zariya ya sha wahalarta, har zuwa sababbin fassarorin da suka biyo baya. A irin waɗannan ikilisiyoyi, nauyin karantarwa bai tsaya kan fasto kaɗai ba; dattijon ikilisiya da malamin makarantar Lahadi da shugabar zumuntar mata duk sukan tsaya gaban jama'a su buɗe nassi, kuma galibinsu ba su taɓa zama a makarantar tauhidi ba. Saboda haka tambayar wane sharhi ya kamata mutum ya dogara gare shi ba ta manyan malamai ba ce kawai, kuma ba inda ta fi tsanani kamar a littattafan hikima, wato Ayuba da Karin Magana da Mai Hadishi, wanda wasu fassarori ke kira Mai Wa'azi.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga ilmin sharhi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, bayan da ya wallafa babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, ya lura cewa faɗinsa da yawan saɓanin malamai da ke cikinsa sun fi ƙarfin ɗalibai masu tasowa, sai ya sake talifin wani taƙaitacce, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, bisa ruwayar Warshu da mutanen ƙasar suka saba da ita. Ban kawo wannan don in gwama littattafan addinai biyu ba, sai don ƙa'idar da ke ciki, wadda ta dace da kowane mai karantarwa: darajar sharhi ba a kaurinsa take ba, tana ga dacewarsa da matanin da yake bayani da kuma mutumin da zai karanta shi. Amma ga littattafan hikima akwai sharaɗin da ya gabaci wannan, kuma a kansa nake so in daɗe.

Sharaɗin shi ne mu'allifin ya san cewa karin magana ba doka ba ce, ba kuma alkawari ba ce, magana ce da aka tace daga abin da ya fi aukuwa a rayuwa, wadda gaskiyarta ke bayyana idan an faɗe ta a muhallinta. Bahaushe ya riga ya san haka ba tare da an koya masa ba, domin bakin da ke cewa zafin nema ba ya kawo samu shi ne kuma ke cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma ba wanda ya taɓa tuhumar magabata da tufka da warwara, tun da kowa ya gane cewa ta farko ta mai gaggawa ce, ta biyu kuwa ta mai kasala. Haka lamarin yake a sura ta 26 ta Karin Magana, inda aya ta 4 ta hana a amsa wa wawa gwargwadon wautarsa, aya ta 5 kuma, ba tare da wani tsaiko ba, ta umarta a amsa masa. Duk wanda ya ɗauki sharhi a kantin littattafai, ina ba shi shawara ya fara buɗe wannan wuri kafin ya tambayi kuɗinsa. In ya tarar mu'allifin yana ta kame-kame don ya tabbatar ayoyin ba su saɓa ba, ko ya tsallake su da jimla guda, to, bai san irin matanin da ke hannunsa ba; in kuwa ya bayyana cewa an jera su da gangan don a koya wa mai karatu rarrabe lokaci da lokaci, to, ana iya tafiya da shi. Wasu masana na Jamus, musamman Claus Westermann da Friedemann Golka, wanda littafinsa ya fito a 1993, sai da suka koma ga karin maganar al'ummomin Afirka kafin su kafa hujjar cewa yawancin waɗannan gajerun maganganu daga bakin jama'a suka fito, daga gona da kasuwa da tsakar gida. Abin da suka tarar bayan dogon bincike yana nan a kunnen kowane yaron da ya tashi gaban kakarsa a Argungu, kuma abin baƙin ciki ne ƙwarai a ce sharhin da aka sayo da tsada ya zama shi ne zai kashe masa wannan basira.

Mas'alar ba ta ilmi ba ce kawai, tana taɓa zukatan mutane. Sura ta 10 ta Karin Magana ta danganta wadata da hannun mai himma, talauci kuma da ragwanci, kuma a mafi yawan shekaru fadamar Rima tana gaskata wannan. Amma a daminar 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, ta haɗa da na mai himma da na rago, da na mai ibada da na wanda bai damu ba. Idan mai wa'azi, bisa jagorancin ɗaya daga ƙananan littattafan nan da ke mayar da kowace aya takardar lamunin arziki, ya riga ya shaida wa manomi cewa himma da zakka ba su taɓa faɗuwa ƙasa banza ba, me zai ce masa ranar da ruwa ya janye ya bar laka? Ba abin da ya rage masa sai ɗayan biyu, ko ya ce alkawari ya tashi, ko ya ce manomin yana da wani ɓoyayyen zunubi. Wannan na biyu kuwa shi ne ainihin abin da abokan Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar, suka faɗa masa, shi ne kuma abin da Ubangiji ya tsauta musu a kansa a sura ta 42. Don haka gwaji na biyu shi ne a duba yadda sharhi ya ɗauki jawaban abokan nan uku. Maganarsu tana da zaƙi, tana kama da wa'azi sahihi, har mai karatu marar jagora yakan tsinci aya daga bakin Elifaz ya kafa ta hujja, alhali littafin da kansa ya raunana ta. Wajibi ne kuma sharhin ya yarda cewa Ayuban da maƙwabtanmu Musulmi da mu duka muke buga misali da haƙurinsa ya yi kuka mai ɗaci, ya la'anci ranar haihuwarsa a sura ta 3, ya nemi a ba shi dalili, kuma ba a lissafta masa wannan a kan kafirci ba. Mai makoki yana da haƙƙin ya ji haka.

Da wannan ma'auni za a iya auna abin da ke hannu. Sharhin Matthew Henry, wanda ya rasu a 1714, ya bazu ko'ina saboda arha, kuma cike yake da tsoron Allah da nasiha mai ratsa zuciya. Sai dai Ingilishinsa tsoho ne, kuma an rubuta shi ƙarni biyu kafin a buga Koyarwar Amenemofe ta tsohuwar Masar a 1923, wadda masana suka ga kusancinta da sashen Karin Magana da ya fara daga sura ta 22 aya ta 17. Wannan binciken yana da fa'ida ta musamman gare mu, domin ya nuna cewa masu hikimar Isra'ila ba su ƙyamaci gaskiyar da suka tarar a bakin maƙwabta ba, kamar yadda Ayuba kansa mutumin ƙasar Uz ne; Kiristan da ke zaune tsakiyar Musulmi, yana cin kasuwa ɗaya da su, yana bukatar sharhin da ba ya jin tsoron faɗin haka. Ɗan ƙaramin sharhin Derek Kidner na 1964 a kan Karin Magana ya san muhallin magana sarai, ga taƙaitawa, amma yana neman mai ƙarfin Ingilishi. Mujalladai biyu na Bruce Waltke a kan wannan littafin, na 2004 da 2005, taska ce ga wanda ya karanta Ibrananci, ga waninsa kuwa nauyi ne kawai a kan kanta.

Wanda ya fi kusa da bukatarmu shi ne sharhin nan mai mujalladi guda da malaman Afirka saba'in suka rubuta ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo, wanda ya fito a 2006, daga baya aka fassara shi da sunan Sharhin Littafi Mai Tsarki Don Afirka. Mu'allifansa sun san maita da rashin haihuwa da nauyin dangi, ba sai an yi musu bayani ba, kuma samuwarsa da Hausa ni'ima ce babba. Amma kada ƙauna ta hana mu faɗin iyakarsa: littafin da ya ɗauki Littafi Mai Tsarki dukansa a mujalladi ɗaya dole ya ratsa surori 42 na Ayuba da sauri, kuma Afirka faɗi gare ta, misalin da ya zauna daram a Kenya ba lalle ya zauna a Kabi ba. Ikilisiyar da kuɗinta bai wuce na littafi ɗaya ba, wannan za ta saya. Wadda ta iya biyu, ta ƙara da Kidner, ta ajiye su a hannun wanda zai riƙa ba da aro, ta kuma sa masu karantarwa su zauna tare kafin Lahadi, domin wanda ya iya Ingilishi ya karanta wa wanda ya iya karin magana, su auna abin da za a faɗa wa jama'a.